Mota na mutuwa a kan tafiya, an canja famfon mai da fulogi ba ta daina ba

Tambaya daga wani mazaunin Agege: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 1999, wadda ake ce wa Baby Boy, 'yar Amurka, mai silinda huɗu, otomatik. Kwanan nan ta tsiri mutuwa ina cikin tafiya, musamman a gosulon Oshodi da rana tsaka. Wani sa'in ina murɗa makulli ta tashi nan take, wani sa'in sai ta huta minti 15 ko 20. Da dare fitilun gaba kan yi ƙyaftawa, rediyo ma yakan ɗauke. An canja famfon mai, fulogi da batir, duk a banza. Yanzu an ce in je kasuwar kayan mota ta Ladipo in sayo ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da sayen ƙwaƙwalwar nan tukuna. Cikin duk abubuwan da ke iya kashe wannan motar ita ce ta ƙarshe da ya kamata a zarga, ga shi kuma Accord 'yar Amurka ta waɗannan shekarun tana da na'urar tantance makulli, wadda ke nuna koren makulli a dashbod. In ka sauya ƙwaƙwalwa, motar ba za ta tashi ba sai an sake haɗa ta da makullinka, wani kuɗin ke nan a kan abin da wataƙila lafiyarsa ƙalau.

Wahalar irin wannan matsala ita ce, duk sanda ka kai motar gareji lafiya lau take. Bakanike bai ga cutar da idonsa ba, sai ya koma canki-canka, yau fam, gobe fulogi. Kai ne kaɗai kake wurin a lokacin da take mutuwa, saboda haka aikin farko naka ne, kuma ba ya bukatar sufana.

Ran da ta sake yi maka, kunna fitilar gargaɗi, mayar da giya N, ka gangara gefen titi. Sitiyari zai yi nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu kawai zai yi da laushinsa kafin ya sandare, don haka ka danna shi sau ɗaya ka riƙe, kada ka yi ta dannawa kana saki. Da ka tsaya, kada ka taɓa makulli. Dubi dashbod. Injin da ya mutu alhali wuta na nan, jar fitilar batir da ta baƙin mai za su kama. In ka ga dashbod ya yi duhu ɗif kamar an zare makulli, to wuta ce ta yanke. Nan take danna ham, kunna fitilun gaba. Idan su suna aiki dashbod ba ya yi, swicin makulli ne. Idan komai ya mutu har ham, matsalar tana can wajen batir: kan batir, babban fiyus, ko wayar as, wato wayar da ke haɗa batir da ƙarfen jikin mota da na inji. Idan kuwa jajayen fitilun sun kama yadda ya kamata, sai ka kashe makulli, ka kashe rediyo da AC, ka sake murɗawa zuwa ON ba tare da ka buga kik ba, ka kasa kunne. Za ka ji ƙaramin ƙas a ƙarƙashin dashbod, da gunjin famfon mai daga baya na kimanin daƙiƙa 2, fitilar inji kuma ta kama ta ɗauke. In babu gunjin, ka riƙe wannan a ranka. Ka kuma lura da yadda ta mutu. Mutuwar farat ɗaya ta wuta ce. Wadda ke fara da sheshsheƙa, kana taka totur tana ja da baya, ta fi kama da ta mai. Wadda ba ta zuwa sai ka ɗaga ƙafa daga totur, ko ka taka birki, ko AC ya kama, wannan ta silo ce, wato aikin inji in ba a taka totur ba.

Daga bayanin da ka yi, ina zargin matsala biyu ce ta haɗe maka. Fitilun gaban wannan motar ba sa bi ta swicin makulli, shi ya sa suke kamawa ko da makulli na aljihunka. Ƙyaftawarsu tana nuna cewa tushen wutar ne ba daidai ba: batir, wayoyinsa, as, ko altaneta. Shi kuwa hutun minti 15 kafin ta tashi alamar wani abu ne da ke buɗewa in ya ɗauki zafi, ya koma ya haɗe in ya huce. A fara da tushen wuta, domin in bai daidaita ba duk gwajin da aka yi a gaba ƙarya zai faɗa maka.

Sabon batir bai wanke kan batir ba. Kama kowane kai da hannu ka juya. In ya motsa ko kaɗan, ka samu mai laifi ɗaya. Dabarar nan ta cusa ƙusa ko gwangwani a tsakani don ya matse ba gyara ba ce, a sayi sabon kai. A kwance su duka biyu, a fara da wanda ke haɗe da jikin mota, wato mai alamar cirewa, a wanke farin garin nan da ruwan ɗumi da garin bekin soda, a goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure, sannan a shafa giris a bisa. A duba batirin ma ko yana ɗaure a mazauninsa, don ramukan titi na jijjiga shi har ya sassauta kai. A Legas danshi da iskar teku suna cin tagulla fiye da yadda aka saba gani a Kano ko Sakkwato, kuma cin yakan shige cikin robar waya inda ido ba ya kaiwa. Wayar da ta kumbura kusa da kan batir, ko ta yi tauri ba ta lanƙwasuwa, a ɗan yanka robar a leƙa. In ta yi kore a ciki, ta gama aiki.

Sai mita, na'urar awon wuta. Batir da ya huta ya nuna volt 12.6 ko kusa da haka, 12.2 rabin caji ke nan. Lokacin buga kik kada ya sauka ƙasa da 9.6. Inji na aiki, a kunna fitilun gaba da fankar ciki, a ga tsakanin 13.5 da 14.7. Na ce a kunna fitilu ne da gangan: Honda 'yan Amurka na wannan zamanin suna rage caji da kansu in babu lodi, har mita ta nuna 12 da ɗoriya, mai wayarin da bai san haka ba sai ya ce altaneta ta mutu.

Gwajin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kama ɓarawo, shi ne auna wutar da ke ɓacewa a hanya. Auna waya da sashen ohm ba ya wadatarwa, domin wayar da silinta uku kacal suka rage za ta nuna lafiya, sai an ɗora mata lodi asirinta ke tonuwa. A sa mita a volt DC, a ɗora bakin mitar guda a kan sandar batir mai alamar cirewa, kan dalmar kanta ba kan maɗaurin ba, ɗaya bakin a jikin inji inda babu fenti. Wani ya buga kik. Abin da mita ta nuna kada ya wuce 0.2 zuwa 0.3. A maimaita tsakanin sandar da jikin mota, fitilu na kunne. A yi haka a ɓangaren mai alamar tarawa, daga sandar batir zuwa babban notin kik, kada ya wuce 0.5, haka nan daga notin bayan altaneta zuwa batir, inji na aiki da lodi. Inda lamba ta haura, a bi wayar gaɓa-gaɓa har a kai wurin da take zubewa. Tsofaffin motoci da aka taɓa sauke musu inji ko giya, sau da yawa ana manta mayar da wayar as da ke tsakanin inji da jiki, ko a ɗaure ta a kan fenti da tsatsa. Akwai kuma siraran wayoyin as da suka fito daga curin wayoyin inji aka ɗaure su da ƙaramin noti a jikin injin. Ta nan ƙwaƙwalwa ke samun as ɗinta. Wannan notin in ya sassauta, mota za ta mutu ba gargaɗi, kuma shi ne ake yi wa fassarar ƙwaƙwalwa ta lalace. A kwance shi, a goge, a ɗaure tamau.

Kafin a bar altaneta, a juya mita zuwa volt AC a ɗora a batir inji na aiki. Lafiyayya ƙaramar lamba take nunawa. In ta kai 0.5 ko ta haura, akwai dayod da ya ƙone, kuma wannan gurɓatacciyar wutar tana sa fitilu rawa, tana kuma rikita saƙon da sensoshi ke aika wa ƙwaƙwalwa. A duba fambel ko ya saki. Abu ɗaya da ba zan taɓa yarda a yi wa mota mai ƙwaƙwalwa ba shi ne cire kan batir inji na aiki wai don a ga ko altaneta na caji. Wannan dabarar zamanin kabireta ce. A motarka tana iya aika wuta mai ƙarfi ta ƙone ƙwaƙwalwar da a da ba ta da laifi.

Yanzu swicin makulli, wanda ya dace da mutuwar da take tashi nan take. A 2002 kamfanin Honda a Amurka ya yi kiran a mayar da motoci masu yawa, ciki har da Accord na 1997 zuwa 1999, saboda haƙoran wutar da ke cikin swicin suna cinyewa har inji ya mutu a kan tafiya. Ko an canja wa taka a can, shekarun da suka shige sun isa su cinye wani. Gwajinsa mai sauƙi ne: inji na silo, kama makulli ka ɗan girgiza shi gaba da baya, sama da ƙasa, ba tare da ka kashe ba. In fitilun dashbod suka yi ƙyaftawa, allurai suka faɗi, ko inji ya yi tuntuɓe, shi ne. Wata alamar, mota ta kama muddin kana riƙe da makulli a wurin kik, kana saki ta mutu. Ba a canja dukan gidan makulli. Ɓangaren wutar da ke bayansa ne, da ƙananan sukurori aka ɗaure shi, makullinka na nan yadda yake. Tarin makullan shago da na gida da aka rataya masa ma a rage.

Wanda ya dace da hutun minti 15 kuwa shi ne babban rile, ɗan akwati a ƙarƙashin dashbod ta gefen direba. Shi ke ba ƙwaƙwalwa da nozul wuta, shi ke tayar da famfon mai. Cutarsa sananniya ce a Honda na shekarun 1990: dalmar da ta riƙe ƙafafunsa a kan allo tana tsagewa zobe-zobe, in cikin mota ya yi zafi tsagar ta buɗe, in ya huce ta rufe. Gosulo da rana tsaka, gilasai a rufe, daidai yanayin da yake so ke nan. Shi ya sa na ce ka saurari gunjin fam. In ba ka ji ba, bar makulli a ON ka ɗan ƙwanƙwasa rilen da gindin sukundireba, ka kashe ka sake kunnawa. In gunjin ya dawo, magana ta ƙare, kuma ka ga ke nan tsohon fam ɗinka ba shi da laifi, wuta ce ba ta kai masa ba. Ana zare allon daga akwatin, a duba bayansa a hasken rana, a tsotse tsohuwar dalma a zuba sabuwa a kowace ƙafa. Duk mai gyaran waya ko rediyo da hannunsa ya faɗa zai yi wannan cikin rabin awa, kuma rile na asali da aka sake wa dalma ya fi sabon jabu daɗewa.

Idan fam na gunji, fitilar inji ta kama ta ɗauke, kik na juyawa amma ba ta tashi, a nemi tartsatsi tun motar na da zafi. A injin nan kwayil da ignaita duk cikin dalko suke, wato akwatin da ke raba wa fulogai wuta, kuma su biyun suna da halin gajiya da zafi su farfaɗo in sun huce. A zare wayar fulogi ɗaya, a sa mata wani fulogi, a jingina jikinsa da ƙarfen inji, a buga kik. Ana son shuɗin tartsatsi mai ƙara. Kada a bar wayar tana lilo a iska ana buga kik, haka ake kashe kwayil. In babu tartsatsi, a duba ko baƙar waya mai ratsin rawaya da ke shiga dalko tana da volt 12 makulli na ON. Akwai wuta babu tartsatsi, laifin na cikin dalko ko sensoshin da ke ƙidayar juyin inji. Babu wutar, an koma kan swici. A buɗe hular dalko: baƙin mai a ciki yana nuna sil ya mutu, jar ƙura tana nuna boris na cinyewa, a duba kwayil ko yana da tabon ƙuna ko tsaga. Allurar juyin inji da ke tsalle ko faɗuwa kwatsam gab da mutuwa ita ma nan take nuni. Tun da an canja fulogi, a tabbatar irin nasa ne, tazarar bakinsa milimita 1.1; fulogin jabu mai faɗin tazara yana wahalar da kwayil.

Akwai abin da ya fi yawa a motocin Legas saboda tsoron ɓarayi: alam, tiraka, da ɓoyayyen maɓallin kashe mota. Kusan dukansu ana yanke wayar fam ko ta ignishan ne a ratsa ta cikin wani ƙaramin rile, sau da yawa a murɗe wayoyin da hannu a naɗe da salatif. Bayan 'yan damina salatif ya saki, haɗin ya yi tsatsa, rami ɗaya ya isa ya kashe mota. Motar da ta bi hannu biyu ko uku tana iya ɗauke da na'urar da mai ita na yanzu bai ma san da ita ba. A kwance murfin ƙasan sitiyari a haska tocila. Duk wayar da launinta ko kaurinta ya bambanta da na kamfani, a bi ta. Abin da ba a amfani da shi a cire, a mayar da wayar asali da dalma da robar da ke matsewa da zafi. A leƙa akwatunan fiyus duka, na cikin bonet da biyun da ke cikin mota, a fitar da duk fiyus da aka naɗe da silin waya, a duba bakin da ya yi baƙi ko robar da ta narke.

Ɓangaren mai da silo ba zan tsawaita ba, tun da alamominka ba su karkata can ba. In tana sheshsheƙa, a ɗaura agogon awon ƙarfin mai, ana neman kusan 3 a ma'aunin bar, a ga ko yana faɗuwa in mota ta yi zafi. A kuma zuƙo ɗan mai a kwalba a ga ko ruwa ya kwanta a ƙasa, musamman da damina. Yawo da tanki a ƙasa da kwata yana gasa fam, domin man ne ke sanyaya shi. In kuwa a tsaye kaɗai take mutuwa, a wanke maƙogwaron totur da bawul ɗin silo, a nemi tiyon iska da ya tsage, a duba bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, ko ya maƙale a buɗe. Silon da ya daidaita yana tsakanin juyi 700 da 800 a minti bayan inji ya yi zafi. In an taɓa cire mata tamostat aka haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda ake yawan yi wa Tokumbo da sunan zafin ƙasarmu, a mayar da su yadda suke. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai fiye da kima, yana tara baƙin hayaƙi, silonsa ba ya zama.

Na'urar sikanin tana taimakawa, motarka tana da soket ɗin OBD mai baki 16 a ƙarƙashin dashbod. Sai dai a karanta kafin a cire kan batir, domin cirewar tana goge abin da aka adana. P0335 da P0336 na sensar kiranshaf ne, P1361 da P1381 na Honda suna nuna saƙon juyin inji na yankewa, P0505 na silo. Lamba tana nuna layin da ke da matsala ne, ba ta ce a sayi sabuwar sensa ba, a fara duba soket da waya. Rashin lamba ma shaida ce: in swici ko rile suka yanke wa ƙwaƙwalwa wuta, ita a ganinta kashe mota aka yi, ba abin da za ta rubuta.

Mai wayarin da ya san aikinsa ba ya jiran cutar ta zo, janyo ta yake yi. A bar mota tana silo da AC da fitilu har fanka ta kama sau biyu ko uku, bonet a rufe. Sannan a bi curin wayoyi da soket ɗaya bayan ɗaya ana girgizawa, ana ƙwanƙwasa rile da akwatin fiyus, ana hura wa abin da ake zargi zafi da na'urar busar da gashi. In matsalar ta fi zuwa bayan ruwan sama ko wankin inji, a fesa ruwa kaɗan a kan wayoyin fulogi da hular dalko da dare, za a ga tartsatsi na tsallakewa. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a yi kwana biyu ana hawa, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi maganin ba. In za ka shiga Ladipo, tafi da tsohon kayan a hannu a gwada lamba da yawan baki, ka kuma yi sharaɗin mayarwa kafin ka biya. Dalko na gwanjo na asali ya fi sabo marar suna.

In duk an yi wannan ta ƙi nuna kanta, a sa mata 'yan shaida. A samo ƙananan ƙwayayen fitila biyu masu volt 12, a jona ɗaya da wayar da ke kai wa famfon mai wuta, ɗaya da baƙar wayar nan mai ratsin rawaya ta dalko, kowanne da ƙaramin fiyus a kusa da inda aka jona, ɗaya ƙafar a jikin mota, a manna su inda idonka ke gani. Ka ci gaba da hawa a cikin unguwa, ba kan gadar Third Mainland ba. In ta mutu, dubi ƙwan dalko: in ya ɗauke makulli na ON, swici ne ko abin da aka ratsa a layinsa. In yana nan, buga kik kana kallon ƙwan fam, domin shi dama yakan ɗauke da inji ya tsaya. In bai kama ba kana buga kik, rile ne, ko as ɗin ƙwaƙwalwa, ko saƙon juyin inji bai iso ba. In duka biyun suna ci amma ba ta tashi, a koma kan tartsatsi da ƙarfin mai. Sai an tabbatar ƙwaƙwalwa tana samun wutarta da as ɗinta da saƙon sensoshinta amma ba ta ba da umarni, sannan a zaro ta. Tana ƙasa-ƙasa ne gab da daben mota, don haka in ka taɓa kutsawa cikin ambaliya har kafet ya jiƙe, a buɗe ta a duba allon da bakin soket ko akwai kore ko alamar ruwa kafin a yi maganar sayen wata.